Jim Thorpe: yaron Carlisle da ya ka da Harvard, da zinaren da aka ƙwace masa

Tambaya: Malam, na fara kallon ƙwallon Amurka ta 'yan jami'a a intanet, sai na ga ana ba wani yaro kyauta mai suna Jim Thorpe Award. Mai sharhi ya ce wannan Thorpe shi ne ɗan wasa mafi girma da Amurka ta taɓa yi, kuma wai har an taɓa ƙwace masa lambobin zinare na Olamfik. Wane ne shi? Maganar gaskiya ce, ko zuzutawa ce irin ta masu sharhi?

Amsa: Ɗan'uwa, mai sharhin nan bai yi maka ƙarya ba. Maganar "mafi girma" ana iya jayayya a kanta, kamar yadda ake yi a kan kowane gwani. Amma ƙwace lambobin gaskiya ne, kuma a ganina zalunci ne tsagwaronsa. Sai dai ba za ka gane girman mutumin ba, ba kuma za ka gane girman zaluncin ba, sai ka san irin wasan da ake yi a zamaninsa da irin makarantar da ya fito.

Da fari dai, abin da Amurkawa ke kira futbol ba ƙwallon ƙafar da muka saba da ita ba ce. 'Yar'uwar zari-ruga ce. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, ana rungumar ƙwallon a ruga da ita, abokan hamayya kuma su yi ƙoƙarin kayar da mai ita. Wanda ya tsallake layin ƙarshe da ƙwallo a hannu ya ci babban maki, shi ne tacdaun. Wanda ya kasa isa can yana iya buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin sanduna biyu, ya sami maki uku. Wasan ya taso ne daga jami'o'in 'ya'yan masu hali na gabashin ƙasar. Karawar farko tsakanin jami'o'i biyu an yi ta ne ranar 6 ga Nuwamba 1869, Rutgers ta ci Princeton 6 da 4, kodayake abin da suka buga a ranar ya fi kama da ƙwallon ƙafarmu. Wani mutumin jami'ar Yale, Walter Camp, shi ya fi kowa tsara dokokin da suka raba wasan da zari-ruga tun daga 1880, kuma shi ne daga baya yake fitar da jerin gwanayen shekara na ƙasa baki ɗaya. Shiga wannan jeri shi ne kambun da kowane ɗan wasa ke mafarki.

A wancan lokaci babu wata babbar gasar masu cin abinci da wasan. Ƙwallon jami'a ita ce ƙwallon, Harvard da Yale da Princeton da Pennsylvania su ne sarakunanta. Wasa ne kuma mai ban tsoro. Hular kwano irin ta yau babu ita, sai wata 'yar hular fata, ita ma wanda ya ga dama ne yake sawa. Mutum ɗaya shi zai kai hari, shi zai tsare gida, daga farko har a tashi. A shekarar 1905 kaɗai jaridu sun ƙirga aƙalla mutum 18 da suka mutu a filin wasa, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa ya ce a gyara. Daga wannan hayaniya aka kafa ƙungiyar da ta zama NCAA, wadda ke riƙe da wasannin jami'o'i har yau, kuma a 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba da hannu don a rage cakuɗuwar jiki da jiki. Ka riƙe wannan shekarar, domin ita ce ta buɗe ƙofa ga ƙananan makarantu masu wayo da sauri su ja da manya masu ƙiba da ƙarfi.

An haifi Thorpe a watan Mayu 1887 kusa da garin Prague, a yankin da ya zama jihar Oklahoma. Ɗan ƙabilar Sac da Fox ne, cikin 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar suka laƙaba musu suna Indiyawa. Su ne mutanen da muka taso muna gani a finafinan kaboyi, ana nuna su da gashin tsuntsu a ka ana karkashe su, kuma wannan hoton bai yi musu adalci ba ko kaɗan. Mahaifinsa Hiram yana da jinin Ailan ta wajen uba, mahaifiyarsa Charlotte Vieux kuma 'yar ƙabilar Potawatomi ce mai jinin Faransa. Sunansa na gida Wa-Tho-Huk, ma'anarsa hanya mai haske. Tagwaye ne shi da Charlie, amma ciwon huhu ya ɗauke Charlie suna da shekara tara. Bayan wannan rashi Jim ya kasa zama a makaranta, kullum sai ya gudo gida, har uban ya gaji ya tura shi Haskell da ke jihar Kansas don ya yi nisa. Mahaifiyarsa ta rasu ta dalilin haihuwa yana saurayi. A 1904 aka kai shi makarantar Carlisle a jihar Pennsylvania, kuma a cikin shekarar nan mahaifin ma ya rasu, bayan rauni da ya samu a wajen farauta ya ruɓe. Ga shi maraya gaba da baya, a wata uwa duniya mai nisan sama da kilomita dubu daga ƙasarsu.

Carlisle ba jami'a ba ce, kuma wannan shi ne abin da masu taƙaita labarin suka fi tsallakewa. Makarantar kwana ce ta gwamnatin tarayya, wani hafsan soja mai suna Richard Henry Pratt ya buɗe ta a 1879 a cikin tsohon barikin soja. Manufarsa ya faɗe ta da bakinsa: a kashe Ba'indiyen da ke cikin yaro, a ceci mutumin. Ana kawo yaro a aske masa gashin da ƙabilarsa ke girmamawa, a sa masa kaki, a sauya masa suna in na gargajiya ne, a hana shi magana da harshen uwarsa. Rabin yini karatu, rabi koyon sana'a irin su ɗinki da ƙira da kafinta. Lokacin hutu kuma a rarraba yaran gidajen Turawa manoma su yi aikatau da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Thorpe ma ya yi wannan aikatau. Dubban yara sun ratsa makarantar kafin a rufe ta a 1918, kuma a harabarta akwai maƙabartar da aka binne yara sama da 180 da ba su koma gida da rai ba. Duk lokacin da na karanta yadda jaridun zamanin ke yabon ƙungiyar Carlisle, sai wannan maƙabartar ta faɗo mini a rai.

To a wannan gida ne aka gina ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwallo mafiya ban mamaki a tarihin Amurka. Kocinsu Glenn Warner, wanda kowa ke kira Pop, mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Yaransa ba su kai 'yan Harvard jiki ba, ba su kai su yawa ba, saboda haka ya dogara da sauri da dabara. A 1903 suka yi wa Harvard wata dabara da har yau ake ba da labarinta: suka cusa ƙwallon a bayan rigar ɗan wasansu Charles Dillon, ya yi ta gudu hannu rabbana har ya tsallake layi, 'yan Harvard na ta waige-waigen inda ƙwallon ta shiga. Ko da yake Harvard ce ta yi nasara a ranar da 12 da 11, kowa ya san an sami sabbin abokan karawa. Da aka halatta jifa gaba, Carlisle na cikin waɗanda suka fara ƙwarewa a kai, a 1907 suka ci wasa 10 suka faɗi ɗaya tak. Kuma kusan duk manyan wasanninsu a gidan wasu suke yi, suna tafe a jirgin ƙasa daga birni zuwa birni, domin a can ne kuɗin ƙofa yake.

Shigar Thorpe harkar wasa ta faru ne a wannan shekara ta 1907. Yana wucewa ta filin motsa jiki cikin kayan aiki, ya tarar da 'yan tsalle suna ta fama da sanda an ɗaga ta ƙafa 5 da inci 9, sun kasa. Ya ce a bar shi ya gwada, ya tsallake ta ba tare da ya cire kayan ba. Warner ya ɗauke shi cikin 'yan guje-guje. Ana ba da labarin cewa da farko bai so ya sa shi a ƙwallo ba, yana tsoron kada a karya masa gwanin gudunsa, sai da yaron ya nace aka miƙa masa ƙwallo a wajen atisaye, ya ratsa ƙungiyar gaba ɗaya babu wanda ya iya kayar da shi. A 1908 Walter Camp ya sa shi a sahu na uku na gwanayen ƙasa.

Daga nan sai ya bar makarantar na shekara biyu. A damunar 1909 da ta 1910 ya je jihar Carolina ta Arewa ya buga besbol, wasan nan na dukan ƙwallo da kulki, a wata ƙaramar gasa, mafi yawa a garin Rocky Mount. Ana biyansa kamar dala biyu a kowane wasa. Ba shi kaɗai ba ne, 'yan jami'a da yawa haka suke yi lokacin hutu don su sami na kashewa. Bambancin kawai shi ne su suna sauya suna, shi kuwa ya buga da sunansa na gaskiya, ana buga shi a jaridun garin kullum. Wannan dala biyu ita ce za ta zame masa ƙarfen ƙafa.

Ya koma Carlisle a 1911, kuma a nan ne sunansa ya cika ƙasa. Ranar 11 ga Nuwamba suka je gidan Harvard, wadda a shekarar da ta gabata ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Mutum wajen 25,000 suka cika filin. Kocin Harvard, Percy Haughton, ya raina baƙin har ya fara wasan da 'yan benci. Thorpe kuwa ya shigo da ƙafa a ɗaure da bandeji saboda rauni. Da wannan ƙafar ya buga ƙwallo ta ratsa sanduna har sau huɗu, na ƙarshen daga nisan yadi 48. Abokinsa Alex Arcasa ya ci tacdaun ɗaya, wanda a lokacin maki biyar ne, Thorpe ya ƙara makin bugun da ke biye. Aka tashi 18 da 15. Ka lissafa da kanka: maki 13 cikin 18 daga ƙafarsa suka fito, ban da gudun da ya yi ta yi da ƙwallo yana kusantar da su gidan Harvard. Ko da manyan 'yan wasan Harvard suka shigo daga baya, bakin alƙalami ya riga ya bushe. A shekarar Carlisle ta ci wasa 11, ta faɗi ɗaya a hannun Syracuse da tazarar maki ɗaya, Camp kuma ya sa Thorpe a sahun farko.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan wasa da muhimmanci ba makin ba ne kawai. Ƙwallon zamanin ta fi ta yau kumburi da nauyin sarrafawa, filin kuma ciyawa ce da ke zama taɓo. Mai bugun nan ba wani ƙwararre ne da ke zaune a benci yana jiran a kira shi ya yi bugu ɗaya ya koma ba, kamar yadda ake yi yanzu. Shi ne mai ɗaukar ƙwallo, shi ne mai jifa, shi ne mai tare abokan hamayya idan ƙwallo na hannunsu, sannan a gajiye ya tsaya ya yi bugun. A ƙwallon Amurka ta yau wannan aikin mutum huɗu ne ko biyar. Kyautar da ka gani ana bayarwa da sunansa, wadda aka fara a 1986, ta gwanin masu tsaron baya ce, wato kusurwa ɗaya ce kawai daga cikin abin da shi yake yi.

Sai shekarar 1912, wadda babu ɗan wasan da ya taɓa yin irinta. A watan Yuni ya tafi Stockholm ta ƙasar Siwidin don gasar Olamfik, tare da Warner da wani ɗan makarantarsu, Louis Tewanima na ƙabilar Hopi, wanda ya ci azurfa a tseren mita 10,000. Thorpe ya shiga gasar wasanni biyar, ya zo na ɗaya a huɗu daga ciki, ya ɗauki zinare. Ya shiga gasar wasanni goma, wadda aka yi cikin kwana uku, ya tara maki 8,412, ya ba na biyu, Hugo Wieslander ɗan Siwidin, tazarar maki kusan 700. A tsakiyar gasar takalmansa suka ɓace, ya samo wari biyu da ba su dace da juna ba ya sa, akwai hotonsa da su har yau. A haka ya tsallake mita 1.87, ya kuma rufe da tseren mita 1,500 cikin minti 4 da daƙiƙa 40. Da Sarki Gustav na Biyar ya zo miƙa masa kyauta, an ruwaito ya ce masa shi ne ɗan wasa mafi girma a duniya. Ya dawo aka yi masa gagarumar tarba a titunan New York. Ka kuma tuna cewa sai a 1924 ne doka ta ba dukan 'yan asalin ƙasar shaidar zama 'yan ƙasa.

Bai huta ba, ya koma filin ƙwallo. A kakar 1912 Carlisle ta ci wasa 12, ta faɗi ɗaya, ta yi kunnen doki ɗaya, Thorpe shi kaɗai ya ci maki kusan 200. Wasan da ya fi kowanne nauyi shi ne na ranar 9 ga Nuwamba a West Point, makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka. Shekara 22 kacal ke nan da kisan kiyashin Wounded Knee, inda sojoji suka bindige ɗaruruwan 'yan ƙabilar Lakota, har da mata da yara. Yanzu ga 'ya'ya da jikokin waɗanda aka ci da yaƙi sun zo gidan sojan, za a gwabza a fili bisa doka ɗaya. Carlisle ta lallasa su 27 da 6. Warner ya fito da wani sabon tsarin jeruwa da ya rikita sojojin, Gus Welch na jan ragamar hari, Thorpe da Arcasa da Joe Guyon na ta keta su. Cikin waɗanda suka sha wahalar tare Thorpe a ranar akwai wani ɗalibi mai suna Dwight Eisenhower, wanda ya zama babban kwamandan sojojin ƙawance a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan shugaban ƙasa. Har ya tsufa yana yabon Thorpe.

Wata biyu bayan wannan, a Janairu 1913, jaridar Worcester Telegram ta buga labarin besbol ɗin Carolina. A nan sai na ɗan tsaya in yi maka bayanin dokar, domin ita ce zuciyar tambayarka. A lokacin Olamfik ta masu wasa don sha'awa ce kawai. Duk wanda ya taɓa karɓar ko sisin kwabo a kan kowane irin wasa, ko da ba wanda ya zo yi ba ne, ya zama ɗan haya, ba shi da wuri. Wannan tunani daga Ingila ya fito, daga masu hannu da shuni da ba su son a haɗa su tsere da leburori. Wanda ubansa ke da dukiya yana iya kwashe shekara yana atisaye ba ya neman ko kwabo. Maraya irin Thorpe kuwa, in bai karɓi dala biyu a filin besbol ba, to gonar wani zai koma ya yi ƙodago. Dokar a rubuce ta shafi kowa, amma talaka kaɗai take kamawa.

Hukumar wasannin sha'awa ta Amurka, ƙarƙashin James Sullivan, ba ta tsaya kare ɗanta ba. Thorpe ya sa hannu a wata wasiƙa yana neman afuwa, yana cewa shi ɗan makaranta ne Ba'indiye da bai san waɗannan abubuwa ba, ya ga wasu 'yan jami'a na yi ne shi ma ya yi, sai dai su ba su yi da sunansu ba. Masana tarihi da dama suna ganin Warner ne ya tsara wasiƙar, kuma ya san da zancen besbol ɗin tun farko, amma ya nuna bai sani ba don ya tsira da mutuncinsa. Ni ma haka na fahimta. Kocin da ke bin diddigin yaransa ba zai rasa sanin inda babban gwaninsa ya yi damuna biyu ba. Abin da ya ƙara fito da rashin gaskiyar shi ne binciken da majalisar dokoki ta yi a Carlisle a 1914, bayan koken da ɗalibai suka kai da jagorancin Gus Welch, wanda ya nuna cewa daga asusun wasanni na makarantar ma ana ba 'yan wasa kuɗi. Manya sun san yadda harkar take, yaron aka bari ya ɗauki kayan shi kaɗai.

Kuma ko a bisa dokar tasu hukuncin bai tsaya ba. Ƙa'idar gasar Stockholm ta ce duk mai ƙorafi ya kawo cikin kwana 30 da rufe gasa. Wannan ƙorafi ya zo bayan wata shida. Duk da haka aka karɓe lambobin, aka goge sunansa daga littafi, aka ɗaga Wieslander da Ferdinand Bie ɗan Nowe, wanda ya bi shi a gasar wasanni biyar, zuwa matsayi na ɗaya.

Tunda an ce shi ɗan haya ne, sai ya shiga hayar gadan-gadan. Ƙungiyar besbol ta New York Giants ta ɗauke shi a 1913, ya yi wasa a babbar gasa har 1919, ya ratsa Cincinnati da Boston. A besbol bai zama tauraro ba, gaskiya ke nan, kodayake shekararsa ta ƙarshe a Boston ta yi kyau ƙwarai. A ƙwallon Amurka ne ya sake barin tarihi. A 1915 ƙungiyar Canton Bulldogs ta jihar Ohio ta ɗauke shi a kan dala 250 kowane wasa, kuɗi mai yawan gaske a lokacin da ake kallon ƙwallon haya a matsayin wasan 'yan masana'anta marar daraja. Sunansa ya jawo 'yan kallo, Canton ta zama zakara a 1916 da 1917 da 1919. A watan Satumba 1920 masu ƙungiyoyi suka taru a shagon sayar da motoci na Ralph Hay a Canton suka kafa gasa, suka naɗa Thorpe shugabanta na farko, domin sunansa ne zai sa a ɗauke su da muhimmanci. Wannan gasa ce aka sauya wa suna a 1922 ta zama NFL, wadda a yau babu gasar da ta kai ta kuɗi a duniya. Ya kuma jagoranci wata ƙungiya ta 'yan asalin ƙasa zalla, Oorang Indians, a 1922 da 1923, wadda wani mai kiwon karnuka ya kafa don tallar karnukansa. Wasansa na ƙarshe ya yi shi a 1928 yana da shekara 41.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Ya ajiye wasa daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya rushe. Ya yi leburanci yana haƙa, ya yi gadi, ya yi ta fitowa a ƙananan matsayi a finafinai, sau da yawa a matsayin sarkin Indiyawan da za a ci da yaƙi. A can ma ya yi ta fafutukar a riƙa ba 'yan asalin ƙasa aikin da kuma biyansu daidai da kowa. Giya ta yi masa illa, aure biyu suka mutu, ya yi na uku a 1945. 'Ya'yansa takwas, na farin ya rasu yana ƙarami, kuma waɗanda suka san shi sun ce wannan rashi ya karya masa zuciya. Da aka kawo Olamfik Los Angeles a 1932, sai da mataimakin shugaban ƙasa Charles Curtis, wanda shi ma yana da jinin ƙabilar Kaw, ya gayyace shi ya zauna kusa da shi. A 1950 kamfanin dillancin labarai na AP ya tambayi marubuta wasanni, suka zaɓe shi gwanin ƙwallon Amurka na rabin ƙarni, suka kuma zaɓe shi gwanin dukan wasanni. Ba a jima ba aka kwantar da shi asibiti da ciwon daji a leɓe, a matsayin wanda ba shi da abin biya. Ya rasu ranar 28 ga Maris 1953 a Lomita ta jihar Kalifoniya, ciwon zuciya ya ɗauke shi yana da shekara 65.

Ya mutu ba a mayar masa da lambobinsa ba. Mutumin da ya fi kowa tsayawa kai da fata a kan kada a mayar shi ne Avery Brundage, shugaban kwamitin Olamfik na duniya daga 1952 zuwa 1972. Shi wannan Brundage ya shiga gasar wasanni biyar da ta goma a Stockholm, Thorpe ya bar shi a baya nesa. Sai a Oktoba 1982, bayan doguwar fafutukar iyalinsa da magoya baya, waɗanda suka zaƙulo ƙa'idar nan ta kwana 30, kwamitin ya sauko. A Janairu 1983 aka miƙa wa 'ya'yansa sabbin lambobi. Amma gyaran rabi da rabi ne, domin an rubuta shi a matsayin wanda ya yi tarayya da Wieslander da Bie a zinaren, alhali ya ci su ci na fili. Sai ranar 15 ga Yuli 2022, shekara 110 cif da nasararsa, aka amince cewa shi kaɗai ne zakaran gasannin biyu. Ita kuwa dokar da aka kama shi da ita ta daɗe da rushewa: masu cin abinci da wasa suna shiga Olamfik tun shekarun 1980, kuma tun Yuli 2021 'yan wasan jami'a a Amurka suna karɓar kuɗin talla da sunansu a fili. Yaron da ka ga an ba kyautar Thorpe yana da damar samun abin da ya ninka dala biyun nan sau dubbai, babu mai ce masa kanzil.

A kan ko shi ne mafi girma, ga matsayina. Idan ana maganar agogo da ma'auni, 'yan yau sun fi shi gudu da tsalle, domin abinci da horo da takalma da fili duk sun sauya. Amma gwani da mutanen zamaninsa ake auna shi. Ban san wani da ya zama na ɗaya a ƙasarsa a ƙwallo, kuma na ɗaya a duniya a gasar da ke gwada gudu da tsalle da jifa gaba ɗaya, a cikin wata biyar, sannan ya wuce babbar gasar wani wasa na uku ba. A kan wannan ma'auni ina tare da mai sharhinka.

Akwai sauran magana ɗaya da ba ta mutu ba, ita ce ta kabarinsa. An kai gawarsa Shawnee a Oklahoma, danginsa na Sac da Fox suka fara yi masa al'adar sallama irin tasu. Ana cikin yi matarsa ta uku, Patricia, ta zo ta ɗauke gawar. Gwamnan jihar ya ƙi amincewa da kuɗin gina masa wurin tunawa, ita kuma ta shiga neman garin da zai karɓe shi. Ta samu wasu garuruwa biyu a Pennsylvania, Mauch Chunk da East Mauch Chunk, waɗanda kasuwar kwal ta mutu ta bar su, suna neman abin da zai jawo baƙi. Suka haɗe a 1954 suka sa wa garin suna Jim Thorpe, aka binne shi a can, a garin da bai taɓa taka ƙafarsa ba yana da rai. A 2010 ɗansa Jack ya shigar da ƙara yana neman a mayar da mahaifinsu ƙasar kakanninsa. Jack ya rasu ana cikin shari'ar, 'yan'uwansa da ƙabilar suka ci gaba. Kotun farko ta ba su gaskiya a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2014, kotun ƙoli kuma ta ƙi sauraron maganar a 2015. Har yau yana kwance a Pennsylvania, a ƙarƙashin wani jan dutse a bakin hanya, al'adar sallamar da danginsa suka fara a 1953 kuma ba a ƙarasa ta ba.